Jar Motar Malam Bitrus

Ku da kuka tashi kuka tarar da gangar jikin jar mota a gonarmu ta fadama, ƙadangaru na shan rana a kanta, na san abin da kuke faɗa a junanku. Na ji da kunnena ranar wani suna a gidan nan, ina ɗaki ina raba waina, ɗaya daga cikinku yana gaya wa abokinsa wai wani maƙwabci ne ya sayar wa Babanku mushen mota ya gudu garinsu. Ban tanka ba saboda baƙi. To yanzu babu baƙi, sai ku ji yadda aka yi, domin mazan da aka yi abin da su duk sun riga mu gidan gaskiya. Saura ni da Maman Rahila, ita kuma tana can Filato, ido ya yi rauni, ƙafa ma sai a hankali.

Malam Bitrus mutumin Filato ne, aikin noman rani na gwamnati ya kawo shi Haɗeja, ya kama hayar gidan da ke jikin namu tun ina goyon fari. Katangar da ta raba mu akwai inda ruwan sama ya zaftare ta, ba wanda ya taɓa tunanin gyarawa. Na kife tsohon turmi ta wajena, matarsa Maman Rahila ta ajiye bulo ta wajenta, nan ne kasuwarmu, nan ne kotunmu. Ta nan gishiri yake wucewa, da garwashin wuta, da jariri in uwarsa za ta yi wanka. Da Sallah kwanon nama ya haura, da Kirsimeti shinkafa da kaza su sauko. Ita ta koya mini gwaten acca, ni na koya mata yadda ake wanke tarwaɗa da toka har santsin ya fita. Ni ba mai fita ba ce, kun san ni, sai a yi wata ban ga bakin titi ba. Amma duk abin da ake ciki a gari ina ji, rabi daga bakinta, rabi daga zaure in maza sun zauna. Allah bai ba ni karatu mai zurfi ba, amma ya ba ni kunne. Tun ina yarinya nakan gane wanda ke tahowa daga jan takalminsa.

Motar kuwa wani Bature ne injiniya da suka yi aiki tare ya sayar wa Malam Bitrus da zai koma ƙasarsu. Ja ce wur, ƙofa biyu gare ta, ga ta a ƙasa kamar kunkuru, hancinta dogo. Kujerar baya ko akuya aka sa sai ta naɗe ƙafa. In ya tayar da ita da safe kwanukan da ke jere a ɗakina har ƙara suke yi. Babanku kuwa tun ranar da ya fara ganinta hankalinsa ya tashi. Ya yi tuƙin a-kori-kura da ƙuruciya kafin ya koma fataucin riɗi da bandar kifi, saboda haka yana ganin kansa direba. In ana wanke ta sai ka gan shi ya fita wai zai duba tumaki, alhali tumakin suna bayan gida.

Shekarar da aka ba mu jihar Jigawa abubuwa suka juya, ma'aikata wasu aka ce su tafi nan, wasu can. Malam Bitrus ya ce shi dai ya gaji, zai ajiye aiki ya koma gida kafin Kirsimeti. Yana da ginin da ya fara a garinsu, saura rufi, kuma da kuɗin motar yake son ya rufa. Shekarar kuma riɗi ya yi daraja. Da yamma ɗaya, bayan la'asar, maza sun cika dakalin ƙofar gida, na ji muryar Babanku ta fi ta kowa.

"Malam Bitrus, motar nan ba za ta bar unguwar nan ba. Na saya. Jama'a ku shaida."

Aka yi ta sa albarka. Na kasa kunne in ji amsar mai mota, sai na ji ya ce, "To, Malam Sule, Allah ya sa alheri." Sannan ya yi wata dariya siririya wadda ba tasa ba. Dariyar Malam Bitrus daga ciki take fitowa, har ta kan tayar da yaro daga barci. Wannan kuwa a maƙogwaro ta tsaya.

Washegari Babanku ya karɓi makulli ya fita da ita har wajen gari shi kaɗai. Da ya dawo na kawo masa ruwa na ce, "Malam, ya motar?"

"Lafiya lau. Lafiya lau ƙalau."

Shi kuwa in abu lafiya yake, ba ya amsawa ma, sai dai ya ce me aka dafa. In ka ji ya jera lafiya biyu, to akwai magana.

Na kwana ina juya abin. Ba a biya ba tukuna, an ce sai ranar kasuwa in an sauke riɗi. Amma an yi magana gaban jama'a, kuma a wurin mazan wancan lokaci wannan ya fi biya nauyi. Ba a kushe kayan maƙwabci a idonsa, balle maƙwabcin da ka ci abincin gidansa shekara da shekaru. In Babanku ya janye, gari zai ce ya kunyata baƙo a kan hanyarsa ta tafiya. In ya saya wani abu ya same shi a hanya, ko ya gane an ba shi abin da ba shi da lafiya, to sunan Malam Bitrus ya ɓaci a gidan nan har abada, ni kuma na rasa Maman Rahila. Ba ni da 'yar'uwa a garin nan da ta kai ta. Ban so mu rabu da abin da za mu riƙa jin nauyinsa in an ambaci sunan juna ba.

Da safe na yi wanka, na ɗaura zanen fita, na ce, "Malam, yau ina so ka kai ni Malam Madori in gaida Yaya Hansai. A jar mota."

Ya kalle ni kamar ya ga katanga ta yi magana.

"Ke? Ke da sai an yi rasuwa ake ganinki a waje?"

"To ai yau mota ta samu. Ko kishiya ce da ba za a gabatar da ni gare ta ba?"

Ya tashi ya je karɓo makulli. Na dama kunun gyaɗa na cika langa don in kai wa Yaya, na rufe na ɗora a cinya. Shiga motar ma aiki ne, sai ka ce za ka zauna a tabarma. Cikin gari ba laifi, tana tafiya tana gurnani, yara suna binmu da gudu, ni ina jan mayafi ina jin daɗi a ɓoye. Amma da muka bar gari muka hau kwalta, ya ɗan taka ta, sai na ga abin da ya sa ya jera lafiya biyu. Hanya miƙaƙƙiya ce, amma hannunsa bai huta ba, yana murza sitiyari dama da hagu kamar mai tankaɗe, motar kuma sai ta ga dama take bin umarni. In ya taka mai sai in ji ƙuguna ya tafi gefe ɗaya, in ya ɗaga ƙafa sai ya dawo ɗaya gefen. Kuma duk ramin da muka faɗa, akwai ƙara biyu. Ɗaya a gaba, ƙwas-ƙwas, ƙarama, kamar cokali a cikin kwano. Ɗaya kuma a baya, ƙarƙashin inda nake zaune, ƙum, mai nauyi, kamar taɓarya ta sami gindin turmi.

"Malam, me ke buga ƙasa a bayan nan?"

"Jak ne a but."

"Me ya sa take tafiya kamar wadda ta sha wani abu?"

"Iska ce."

Na duba waje, ko ganyen dorawa ba ya motsi. Muna cikin haka muka iso wata 'yar kwana, ga amalanken shanu ɗauke da buhunan shinkafa a gabanmu. Ya ɗaga ƙafa zai kauce, sai bayan motar ya ce shi ma yana da inda za shi. Muka juya muka tsaya a gefen hanya muna kallon inda muka fito. Murfin langa ya yi nasa wuri, kunun gyaɗa kuwa rabi a zanena, rabi a babbar rigarsa, har da gilashi. Mai amalanke, wani dattijo, ya leƙo ya ce, "Sannunku Alhaji. Har kun fasa tafiyar?"

Mun fasa kuwa. Muka dawo a hankali, masu keke suna wuce mu. Sai da muka kusa gida ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kada ki gaya wa kowa. Na riga na yi magana."

Ina sauka na hau turmi.

"Maman Rahila! Fito ki ga zanena."

Ta fito da muciya a hannu, ta ga kunu har wuya, ta fara dariya, sai kuma ta ga fuskata ta daina. Na ba ta labari duka. Ta ajiye muciyar a kan katanga ta riƙe baki.

"Yaya, wallahi Allah ne ya kawo ki. Maigidana tun ranar bai ci abincin kirki ba. Ya san tana rawa. Tun bara ba ya wuce cikin gari da ita, ya ce taya ce, in ya sami sarari zai canza. So yake ya kai ta Kano ya sayar wa masu sayen tsofaffin motoci, su sun san abin da suke saya. Sai ga Malam ya yi magana gaban mutane."

"To me ya hana shi faɗa?"

"Ya ce in ya ce motar ba ta da lafiya, Malam zai zaci rowa yake masa, ko yana ganin bai isa hawa irinta ba. Ke kuma naki me ya hana shi?"

"Kunya. Wai kada a ce ya kushe kayan maƙwabci."

Muka tsaya muna kallon juna ta kan katanga. Maza biyu, kowa da gemunsa, kowa ya san gaskiya, kowa yana yaba mota don kada ran ɗan'uwansa ya ɓaci. Sai dariya ta kama mu har na kusa faɗowa daga turmi.

Ni na kawo sunan Modu. Modu bakanike ne, Babarbare daga wajen Birniwa, garejinsa na kusa da tasha. Akwai waɗanda suka fi shi kayan aiki a gari, amma ba don wannan na zaɓe shi ba. Kakar Babanku ta wajen uwa Bafulatanar Jahun ce, kun kuwa san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Modu yana iya tsayawa tsakiyar kasuwa ya ce wa Babanku bawansa ne, ya zage shi tas, a yi dariya a watse. Abin da maƙwabci ba zai iya furtawa ba, abokin wasa zai faɗe shi da ƙarfi, kuma ba mai riƙe shi. Muka shirya. Ita ta gaya wa mijinta cewa Malam Sule yana so a duba motar amma yana jin nauyi. Ni na gaya wa Babanku cewa Malam Bitrus yana so a duba don hankalinsa ya kwanta amma yana jin nauyi. Ba wadda ta yi ƙarya a cikinmu. Kowannensu ya amsa da sauri, yana cewa ai don ɗan'uwansa zai yi.

Modu ya zo da hantsi da jakar ƙarafunansa. Motar tana tsakar gidan Malam Bitrus, ni kuma na zaga na shiga madafar Maman Rahila, wai ina taya ta tsince shinkafa. Tagar madafar tana kallon motar sosai. Tun daga ƙofa ya fara.

"Ina Bafulatanin da ya gaji da bin saniya? Kai Sule, wa ya ce maka ana tatsar wannan?"

"Shigo dai, bawan gidanmu. Ka wanke hannu kafin ka taɓa ta."

Bai buɗe inji ba ma. Ya zaga ta yana duban tayoyi, ya sa ma'auninsa a kowace. Ya ce mai facin da ya ba su iska da bugun ƙarfe ya auna, irin yadda ake yi wa manyan motoci, ɗaya ta yi tauri kamar dutse, ɗaya kuma ta yi laushi. Ya nuna cewa tayoyin baya ma ba iri ɗaya ba ne, ɗaya ta fi ɗaya faɗi. Malam Bitrus ya yi ajiyar zuciya ya ce ai shi ma abin da ya zata ke nan.

"Wannan ƙaramin abu ne," in ji Modu. "Kada ka yi murna tukuna, Malam."

Ya danna kowace kusurwa da nauyin jikinsa ya saki. Uku suka tashi suka tsaya, ta gaba ta hagu kuwa ta yi ta lilo. Ya ce shokazobar nan, mai shanye jijjigar rami, ta mutu. Sannan ya sa Babanku ya shiga ya riƙa murza sitiyari kaɗan-kaɗan, shi kuma ya tsuguna yana kallon tayar gaba.

"Murza mana! Ko sai na kawo maka sanda ka rataya a kafaɗa?"

"Ai ina murzawa."

"To ka gani, kana murzawa taya ba ta sani ba. Kamar yadda kake ba da umarni a gidanka."

Maman Rahila ta toshe baki da zane. Modu ya ɗaga gaban motar da jak, ya kama tayar ta gefe da gefe ya girgiza. Sai ga ƙarar nan, ƙwas-ƙwas, cokali a kwano. Ya kama ta sama da ƙasa ya girgiza, shiru. Ya ce boris ɗin da taya ke juyawa a kai lafiya, tayarod ne ya cinye, wato ƙarfen da ke kai saƙon sitiyari ga taya. Ya ce ana samun irinsa a Kano in an bincika, ba abin tashin hankali ba ne. Ya sauke jak ya fara goge hannu. Na ga fuskar mazan biyu ta washe, har sun fara zancen ranar kasuwa. Ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya, domin ƙara ɗaya na ji, alhali biyu ne. Ban iya ɗaga murya gaban maza ba, sai na ce wa Maman Rahila ta faɗa. Ta leƙa ta taga.

"Malam Modu, sannu da aiki. Yaya ta ce akwai wata ƙara a baya, mai nauyi, in an faɗa rami. Kuma wai in an taka mai bayan yana tafiya gefe, in an saki ya dawo."

Babanku ya juyo ya harari tagar. Modu ya tsaya da goge hannu.

"In an taka gefe ɗaya, in an saki ɗaya gefen? Sule, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Ai jak ne a but."

"Jak ɗin da ke hannuna tun ɗazu daga jakata ya fito. Buɗe but ɗin mu gani."

Aka buɗe, ba komai ciki sai tsohuwar tabarma. Modu ya ɗaga bayan motar, ya tokare ta da kututture, ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi. Muka ji yana ƙwanƙwasa, busasshen taɓo yana zubowa gaɓa-gaɓa, irin baƙin taɓon fadama mai kama ƙafa. Ya tambaya daga can ko motar ta taɓa shiga ruwa. Malam Bitrus ya ce sosai ma. Shekarar da kogi ya yi babbar cika, ya je duba wata madatsa a wani ƙauye, ruwa ya tare hanya, motar ta yi kwanaki a tsaye cikinsa har rabin ƙofa kafin a jawo ta. Ya ce an wanke inji an canza mai, ta tashi lafiya, shi ke nan bai ƙara tunawa ba.

"An wanke sama," in ji Modu. "Ƙasan fa?"

Ya sa dogon ƙarfe ya ɗan banƙara wani wuri. Ƙum. Na dafa hannun Maman Rahila na ce ita ce. Ya sake banƙarawa, sai muka ji wani abu ya ɓare kamar an karya ƙanzo, tayar baya ta dama ta karkace tana kallon ciki. Ya fito da wani ɓallin ƙarfe a tafin hannunsa, ya murtsuke shi da yatsa ya zama gari ja. Wannan karon bai yi wasa ba. Ya ce wurin da ƙafar baya take kama jikin motar ne tsatsa ta cinye, taɓo ya riƙe danshi a ciki shekara da shekaru. Ya ce da ɗan abin da bai fi faɗin yatsa ba take rataye. Ba wurin da za a kama da walda, domin duk kewayen ya ruɓe. Ya ce in da a guje ta saki a hanyar Kano, ba mai ba da labari.

Malam Bitrus ya zauna a ƙasa, a nan inda yake tsaye. Ya ce, "Ranar Lahadin nan na kai su Rahila coci a cikinta." Maman Rahila ta saki tiren shinkafa. Ya ɗaga kai ya dubi Babanku. "Malam Sule, ka yafe mini. Na san tana rawa ban faɗa maka ba. Babu ciniki. Ban sayar ba."

"Ni ma na san tana rawa ban faɗa maka ba. Har kunu na sha a riga. Kuma na saya."

"Me za ka saya? Tsatsa?"

"Fentinta kaɗai ya isa. Ka ga ja irin wannan a garin nan?"

"Tayarod ya mutu!"

"Kujerun fata ne."

"To ka ɗauka kyauta."

"Albarka," in ji Babanku.

Tunda nake ban taɓa jin ciniki irin wannan ba, mai kaya yana kushe kayansa, mai saye yana yabo, mai kaya yana ragewa, mai saye yana cewa albarka. Muryoyinsu suka fara tashi, har na ji tsoron abin da muka guda zai same mu ta wata ƙofar. Babanku ya san da rufin gidan can, ko da yake ba wanda ya ambace shi. Malam Bitrus kuma ya gwammace ya kwana a fili da ya karɓi abin da yake gani sadaka ce. Modu yana tsaye yana duban wannan yana duban wancan, sai ya shiga motar ya murza makulli. Ta tashi da bugu ɗaya. Ya saurara, ya taka, ya saurara.

"Ku yi shiru ku ji. Ƙafa ce ta mutu, zuciya lafiya lau. Kai Bafulatani, ba kai ne kake kukan hayar injin ban-ruwa duk rani ba? Kawo ta fadama, in ɗora ta a kan bulo, in cire taya ɗaya in sa bel a kan ƙarfen da tayar ke zama, in haɗa da famfo. Ta ja maka ruwa har ka roƙe ta ta bari. Injin nan shi kaɗai ya ci kuɗin da kuka yi magana, in ba ku yarda ba ku je Kano ku tambaya."

Ko ya ci kuɗin, ko bai ci ba, Allah ne masani, Modu kuma ya tafi da amsarsa. Abin da na sani, Malam Bitrus ya dubi Babanku, Babanku ya dubi ƙasa, sannan suka miƙa wa juna hannu. Sai ga dariyar nan ta ciki ta fito, wadda na yi kwanaki ban ji ba.

Kada ku ɗauka abin bai ci mana komai ba. Babanku ya yi kwanaki yana amsa mini magana da ka, don na tona zancen da ya ce kada in gaya wa kowa. Ribar riɗin shekarar duk ta tafi, ɗakin da aka yi niyyar yi mini sai bayan damina biyu. Motar kuma shan mai gare ta kamar ba gobe. Shi kuwa bai ƙara sayen wata mota ba har ya bar duniya, babur ɗinsa ya ci gaba da hawa, 'yan dakali suna kiransa direban tattasai. Ranar da za a kai ta fadama, Modu ya ɗaure ƙafar da sarƙa, aka aro bijimai biyu suka ja ta. Babanku yana kan sitiyari da babbar riga da hula, Malam Bitrus a gefensa, suka ratsa tsakiyar gari a haka suna ɗaga wa mutane hannu. Modu yana biye a baya yana shela wai a zo a ga Bafulatani ya koma bin shanu.

Aikin haɗawar bai ƙare ba sai ranar da za su tafi. Babbar motar kaya tana ƙofar gida an gama lodi, direba yana ta hon, Malam Bitrus ya ce ba inda za shi sai ya ga ruwa. Muka ɗunguma fadama gaba ɗaya, har da ni, a amalanke. Ga ta nan a kan bulo ƙarƙashin rumfar zana, bel ya tashi daga ƙafarta zuwa famfo, tiyo ya miƙe har bakin kogi. Babanku ya zaro makulli ya miƙa wa Malam Bitrus ya ce shi zai fara. Ya shiga, ya tayar, ya sa giya, ya ɗaga ƙafa a hankali. Bel ya fara juyawa, tiyo ya yi tari, ya yi tari, sai ruwa ya ɓarke ya nufi fangalin tattasai da gudu. Yara suka faɗa ciki da kayansu. Malam Bitrus ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya leƙo ta taga.

"Malam Sule! Yau ko kaɗan ba ta rawa!"

"Taka ta sosai, hanya taka ce!"

Ni da Maman Rahila muna tsaye a kan kunyar gona, ta riƙe gefen mayafina, muna dariya hawaye na zuba. Daga nan suka wuce.

Rani da yawa motar nan ta yi tana ba gonar ruwa, kullum da safe Babanku ya shiga ya zauna ya gyara madubi kafin ya tayar. Kuma tun daga shekarar, buhun farko na duk abin da gonar ta ba mu, shinkafa ko tattasai, tasha ake kai shi a sa a motar Jos, ya sauka a gidan da aka yi wa rufi da kuɗin motar. Shi ya fara, da ya rasu na ci gaba. Na bana yana nan a zaure na sa an ɗinke bakinsa. Wanda zai fita da safe a cikinku ya biya da shi tasha.